Gargaɗi ga mutanen New Bell: iyafis mai arha yana cinye jin 'ya'yanmu

Jama'ar New Bell, na unguwar Hausawa da Congo da Makea da Nkololoun, da 'yan'uwa na sauran unguwannin Duwala, ana gargaɗinku da babbar murya a kan iyafis ɗin nan da yaranmu da matasanmu ke cusawa a kunne dare da rana, musamman masu arhar da ake bazawa a kan tebur a bakin titi. Suna cin ji a hankali, ba zafi, ba jini, ba zazzaɓi, kuma jin da ƙara ta cinye ba ya dawowa, ko da maganin asibiti ko da na gargajiya. Duk maigida ko uwargidan da wannan saƙo ya iso gare su, yau da daddare su karɓi wayar ɗansu yadda take, kada a taɓa komai, su sa iyafis ɗin a nasu kunnen. Idan mutum ya zabura ya fizge shi, to wannan ƙarar ce yaron ke sha awa biyu, awa uku, kowane dare.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana wannan kuka. Tun 2015 ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. A 2024 ofishinta na Afirka ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 40 ne ke fama da matsalar ji a yankin, kuma za su iya kaiwa miliyan 54 nan da 2030. Wannan lissafin duniya ke nan. Mu a New Bell muna da abin da ke ninka mana haɗarin, wato hayaniya.

Kowa ya san yadda muke zaune. Tun zamanin Jamus, wajen 1913 zuwa 1914, da aka yanka wannan wuri don a tura baƙar fata nesa da unguwar Turawa, New Bell ba ta daina cika ba. Gida manne da gida, bangon katako, rufin kwano. Maƙwabcin dama ya kunna talabijin, na hagu yana da injin niƙa, mashayar bakin layi ta saki lasifika tun la'asar, 'yan bensikin masu haya da babur sai oda suke yi, an ɗauke wuta wani ya tada janareto a ƙofar ɗakinka. Ga kuma damina. A watan Yuli da Agusta, in ruwan Duwala ya sauka a kan kwano, mutum biyu a ɗaki ɗaya sai sun ɗaga murya kafin su ji juna. A cikin wannan hali ne yarinya take son kallon fim ɗin Indiya mai fassara, ɗalibi yake son bin karatun Sudais, tela yake son jin labaran BBC ko RFI, dattijo yake son jin tafsirin marigayi Shaikh Ja'afar. Iyafis mai arha ba ya toshe kunne yadda ya kamata. Hayaniyar waje tana shiga ta gefe, muryar mai magana kuma tana fitowa a dushe. Sai mutum ya danna maɓallin ƙara. Ya sake dannawa. Wayar ta fito da rubutun gargaɗi da Faransanci ko Turanci, ya share shi bai karanta ba, ya ƙara dannawa har ta ƙure. A nan ɓarnar take.

Kada wani ya ce ai ni ba kiɗa nake ji ba, Alƙur'ani ne ko wa'azi. Allah ya ba da lada, amma kunne bai san wannan bambanci ba. Ƙarfin sauti da tsawon lokacinsa kaɗai ya sani.

A can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan sashe a nannaɗe. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi, kimanin 15,000 zuwa 16,000 a kowane kunne, su ne ke karɓar girgizar sauti su aika wa ƙwaƙwalwa. Da su aka haife ka, kuma jikin ɗan Adam ba ya yin sababbi. Ƙara mai ƙarfi tana gajiyar da su. In an ba su hutu sukan farfaɗo, shi ya sa wanda ya zauna kusa da lasifika a wurin biki yakan koma gida kunnensa a toshe, da safe ya ji ya washe. In aka maimaita musu wannan kullum, sai su fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda ke fara tafiya su ne masu jin siririn sauti, kuma wannan ne ya sa cutar take da yaudara. Mutum yana jin murya sarai, amma harufa irin su s da sh da ts da f sun fara ɓace masa. A ɗaki shiru ba ka gane komai. A kasuwar Congo ko wurin ɗaurin aure sai ka ji yana ta "Na'am? Me ka ce?", ana yi masa dariya ana cewa hankalinsa ba ya jikinsa. Mai koyon tajwidi kuwa, bambancin sin da shin da sad ne zai fara rikice masa, malaminsa yana faɗa yana zaton wasa ne ya yi masa yawa.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya suka fitar da ma'auni: babba zai iya sauraro a desibel 80 na awa 40 a mako, yaro kuma a desibel 75. Ku ɗauke shi kamar kuɗin cefanen mako da maigida ya ajiye: in an bi a hankali su kai Juma'a, in an yi facaka su ƙare tun Asabar. A desibel 85 rabon mako ya koma awa 12 da rabi. A 90, awa 4. A 95, awa ɗaya da kwata. A 100, minti 20 kacal, kuma na mako ne gaba ɗaya, ba na yini ba. Waya da iyafis in aka ƙure su suna iya kaiwa 100 har su haura. Faransa ta ga wannan da wuri, ta kafa doka a 1996 da ta hana na'urorin sauraro na hannu wuce desibel 100. Tarayyar Turai kuma tun 2013 ta sa na'urori su riƙa tsayar da mai sauraro su gargaɗe shi in zai haura 85. Rubutun da yaranmu ke sharewa da babban yatsa, daga can ya samo asali.

Ba mu da ma'aunin desibel a gida, amma akwai awon da kowa zai iya. Kada ƙarar waya ta wuce kashi 60 cikin 100. Wanda yake tsaye kusa da kai, tazarar miƙa hannu, in ya yi magana da muryarsa ta kullum ya kamata ka ji shi ba tare da ka cire iyafis ba. In na gefenka yana jin abin da kake saurare har yana iya bin waƙar, ka wuce gona da iri. Bayan awa ɗaya a cire a huta. Kwana da shi a kunne kuwa haramun ne a wajen likitocin kunne, ko da karatu ne aka saka don a yi barci da shi. A sa wayar a gefe ta yi a hankali. A saitin sauti na wayoyi da yawa, har da Samsung da iPhone, akwai wurin kafa iyakar ƙara, a na Samsung ma ana iya kulle shi da lambar sirri. Iyaye, ku nemi wani ya nuna muku wurin, ku kulle wa yara.

Yanzu maganar saye, domin na san ba wanda zai daina sauraro, kuma ban ce a daina ba. A gidan da mutum takwas ke kwana ɗaki biyu, iyafis rufin asiri ne. Abin da ake nema ga mai ƙaramin ƙarfi abu ɗaya ne: wanda zai fitar da magana tas alhali ƙarar tana ƙasa. Duk sauran surutun da ke jikin kwali, bayan wannan yake.

Ga mai sauraro a gida, iyafis mai waya, wato mai igiya, ya fi Bluetooth in kuɗin kaɗan ne. Dalili a fili yake. A cikin kuɗin ɗan Bluetooth mai arha an biya batir uku, na kunne biyu da na akwati, an biya na'urar haɗi, an biya akwatin da fitilarsa. Me ya rage wa lasifikar da za ta shiga kunnenka? Ga shi batirin ba a canza shi, in ya mutu an jefar da komai. Mai waya ba caji, ba ruwansa da ɗauke wuta, kuma duk kuɗinka ya tafi ga sauti. Apple ta cire ramin iyafis daga iPhone tun 2016, amma yawancin Tecno da itel da ke hannun mutanenmu har yanzu suna da shi. Ku yi amfani da wannan dama.

In da hali, a sayi babba mai ɗamara a kai, wanda ke rufe kunne da soso, bayansa a rufe. Shi ne ke tare hayaniyar janareto da ta kwano, sai ka ga ba ka bukatar ƙara sauti. Zafi ne kawai aibinsa a garin nan, gumi yakan cinye fatar soson, don haka a duba mai soson da ake iya canzawa. In ba hali, a sayi ƙarami mai bakin roba mai laushi, irin wanda ke zuwa da roba kala uku, ƙarama da matsakaiciya da babba, a gwada a ga wadda ta zauna daram. Wanda za a guje wa shi ne mai kan roba mai tauri da ke rataye a bakin kunne kawai. Shi ne ya fi yawa a tebur, shi ne ya fi arha, shi ne kuma ya fi sa mutum ƙure waya.

Sai a yi hattara da manyan sunaye. In ka shiga Akwa wajen Ancien Dalip, ko Mboppi, ko babbar kasuwa, za ka ga farin kwali mai tambarin Apple ko JBL an jera kamar tumatir. AirPods Pro na gaskiya dala 249 aka fara sayar da shi a Amurka a 2019, wato sama da sefa 130,000 tun kafin a yi maganar kwastan. In aka miƙo maka shi a jaka biyar, ba sa'a ka yi ba. Kwalin bugawa ake yi, tambarin CE da ke bayansa bugawa ake yi, har hoton da ke tasowa a fuskar iPhone in an buɗe akwatin an iya kwaikwayonsa. Gara ka sayi na gaskiya mai ƙaramin suna da ka sayi jabu mai babban suna. Sony tana da mai ɗamara a kai mai sauƙin kuɗi, MDR-ZX110. JBL tana da masu waya marasa tsada. Oraimo, wanda gida ɗaya suke da Tecno da itel da Infinix a ƙarƙashin kamfanin Transsion, an yi shi ne don aljihu irin namu. Amma su ma duk ana yin jabunsu, don haka wurin saye ya fi sunan muhimmanci: shago mai ƙofa, wanda gobe za ka dawo ka same shi, wanda zai rubuta maka rasit da kwanakin garanti. Kamaru tana da dokar kare masu saye, mai lamba 2011/012 ta 6 ga Mayu 2011, tana da hukumar ingancin kaya ta ANOR tun 2009. Sai dai wanda ya saya a hannun mai yawo da kaya a cunkoson Ndokoti, ba rasit ba shaida, wa zai kai ƙara?

Ban ce 'yan kasuwa duk macuta ba ne. Da yawansu 'yan'uwanmu ne, abin da aka kawo musu suke sayarwa, kuma in ka tambaye su tsakani da Allah za su gaya maka wane ne wane. Amma ku lura da yadda ake gwaji. Mai kaya zai jona a wayarsa, ya saka waƙa mai ganga, ya ƙure ƙara, ya ɗora maka a kunne yana murmushi: "Alhaji, wannan premier choix ne, ji bas!" Kai kuma ka ji kanka yana girgiza ka ce lallai abin yana da ƙarfi. An yaudare ka da abin da zai cuce ka. Ka ce masa, "Ɗan'uwa, bari in gwada da tawa." Ka jona a wayarka, ka sa ƙara a rabi, ka saka magana, ba kiɗa ba: labarai, ko karatun da ka haddace muryar mai yinsa. In a tsakiyar hayaniyar kasuwa kana rarrabe kalmomi a rabin ƙara, kayan kirki ne. In sai ka ƙara kafin ka gane abin da ake faɗa, ajiye masa kayansa ko nawa ya rage maka. Ka saurari dama ita kaɗai, hagu ita kaɗai, kada ɗaya ta fi ɗaya. Ka motsa igiyar a gindin filogi da wurin da ta rabu biyu. In ka ji ƙaras-ƙaras, kwanansa a ƙirge yake.

Rubutun jikin kwali kada ya ruɗe ku. "Super Bass" talla ce. "20Hz–20kHz" kusan kowane kwali yana ɗauke da shi, na gaskiya da na jabu. Akwai kuma harufa biyu da ake cin kasuwa da su. ANC shi ne fasahar da ke rage maka hayaniyar waje, yana da amfani sosai ga kunne, amma mai aiki da gaske yana da tsada. ENC kuwa muryarka kawai yake tacewa don wanda kuke waya da shi ya ji ka, ba ya rage maka komai. In an ce akwai ANC, ka kunna shi ba tare da kiɗa ba. In rugugin titi bai lafa ba, rubutu ne kawai. Arha ba ta ado: wanda ya sayi na jaka ɗaya sau biyar a shekara ya biya kuɗin na kirki, ya kuma ƙara da kunnensa.

Haɗari na biyu ba a hankali yake zuwa ba, farat ɗaya ne. Kada kowa ya sa iyafis mai waya a kunne alhali wayar tana jone da caja, balle caja mai arha. Wutar bangonmu bolt 220 ce, wadda waya ke sha kimanin bolt 5. Abin da ke raba su a cikin caja ɗan shinge ne, kuma a nan masu jabu suke yin tsimi. In shingen ya karye, wutar bango ta bi waya, ta bi igiyar iyafis. A 2014 a jihar New South Wales ta Ostiraliya an tarar da wata mata ta rasu da iyafis a kunne, wayarta a jone da caja mai arha marar inganci, har hukumar kare masu saye ta jihar ta fitar da gargaɗi. Can ke nan, inda wuta ba ta rawa. Mu da ake ɗaukewa a dawo da ita da ƙarfi, ga ƙasan siminti mai danshi, ga ƙafa ba takalmi, ga ruwa da ke shiga ɗakuna da damina, namu haɗarin ya fi. Masu batir ma ba a bar su a baya ba. A 2017, a jirgin sama daga Beijin zuwa Melbourne, na'urar sauraro mai batir ta kama wuta a kan wata mata tana barci, ta ƙone mata fuska da hannu. Duk akwatin Bluetooth da ya kumbura, ko yake zafi in ana caji, ko yake warin ƙonewa, a daina amfani da shi nan take. Kada a yi caji a kan katifa ko ƙarƙashin matashi, kada a bar shi a jone a fita. Mutanen da suka ga abin da gobara ta yi wa kasuwar Congo ba sau ɗaya ba, kuma suke kwana a ɗakin katako, ba sai an yi musu dogon bayani ba.

Sai ƙazanta. Duwala gari ne mai zafi da laima, kunnen da aka toshe da roba na awoyi yana gumi, ƙwayoyin cuta da fumfuna suna samun wurin zama. A daina aron iyafis, ko tsakanin wa da ƙani. Wanda aka gwada a kasuwa ya shiga kunnuwa da yawa kafin naka, a goge shi da auduga da alkol na kemis kafin a sa, sannan a riƙa cire robar ana wankewa ana shanyawa. In kunne ya fara ƙaiƙayi ko ruwa, a ajiye iyafis. Kada a sosa da tsinken ashana ko gashin kaza ko makulli. Kada a ɗiga mai ko ruwan albasa, kada kuma a sayi maganin ɗigawa a hannun masu tallar magani a bakin titi. Wasu daga cikin magungunan nan suna ɗauke da sinadari irin su gentamicin, wanda in dodon kunne ya huje zai iya shiga ciki ya lalata ji.

'Yan bensikin da masu tafiya a ƙafa, ku cire iyafis a kan titi. Wanda zai tsallaka Shell New Bell ko Carrefour Anatole da kunne biyu a toshe ya san abin da yake yi wa iyalinsa.

Malaman Islamiyya da limamai da masu unguwanni, ana roƙonku ku faɗi wannan a makarantu da bayan salla. In kunne ya ji, jiki ya tsira, to ga shi kunnen ne kansa ke cikin haɗari. Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar ji ta duniya, amma kada a jira ta.

Wanda yake jin ƙara a kunne kamar kukan gyare ko busa alhali wuri shiru, ko yake jin kunnensa a toshe bayan ya cire iyafis, ko mutanen gida suka fara cewa ya cika ƙure talabijin, ya tafi a auna masa ji. Wanda kuma ya wayi gari kunne ɗaya ya daina ji kwatsam, wannan na gaggawa ne, a ranar zai tafi asibiti, domin maganin da ake bayarwa a kwanakin farko ya fi aiki, in an yi makonni damar takan wuce. Fiye da rabin ƙasashen Afirka ba su wuce likitan kunne ɗaya ga mutum miliyan ɗaya ba, mu kuwa muna da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, wanda aka rubuta ORL a ƙofarsa, a asibitin Laquintinie da ke Akwa da kuma babban asibitin Duwala. In kun je, ku tafi da iyafis ɗin da wayar, ku gaya wa likita awa nawa ake sauraro a yini da irin aikin da ake yi, ko niƙa ne ko walda ko tuƙin babur. Ku kuma faɗa masa duk maganin da aka sha ko allurar da aka yi kwanan nan, musamman kinin na zazzaɓin cizon sauro, domin shi ma yana sa kunne ƙara.